Dutsen Cibiya a Jikin Mashaya

Wata a cikinku ta rubuto min cewa, "Kanoe, ki daina cika mu da kuka, ki auri Baturenki kowa ya huta." 'Yar'uwa, na gode da shawara. Da a hannun mutum biyu aure yake, da tuni an sha biki an watse. Ki tsaya ki ji abin da ya faru ranar Lahadi, in kin gama kina da sauran shawara sai ki turo.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, Garrett shi ne mutumin. Kafinta ne ɗan Kalifoniya, dogo, kunnuwansa jajur kamar an murza, ya zo garinmu Hilo wani ɗan aiki ya ƙi komawa. Mama ko sunansa ba ta son ji. Ita Kaipo take so, ɗan ƙawarta ta coci, ma'aikacin kashe gobara, wanda in ya zo zance sai ya zarce kicin su yi ta hirar kifi da Mama, ni ina falo ina hamma. Mutum ɗaya ke bayan Garrett a gidanmu, ita ce Tutu, kakata ta wajen uba. Tun rasuwar Baba kuwa Tutu ce wuƙa, ita ce nama. Mama duk zafinta ba ta tsallake maganarta.

To da Mama ta gaji da ni, sai ta gindaya sharaɗi. Ta ce, "Tutu za ta je gidansa ta ci abincinsa. In ta rataya muku furanni a wuya da hannunta, na kama bakina har abada. In ba ta rataya ba, kar ki ƙara kawo min sunansa gidan nan." Aka tsayar da Lahadi bayan coci.

Gidan nasa tsohon gida ne na zamanin gonakin rake, katako da rufin kwano, a tsaye kan ginshiƙai saboda ruwan garinmu da ba ya gajiya. Da ya saye shi gara ta gama da rabin daɓen, ya bi ya canza katako ɗaya bayan ɗaya. Saman ya yi kyau, ban da abin cewa. Ƙasan gidan ne matsalar, inda tsofaffi ke shanya da ajiyar tarkace. Nan Garrett ya ce zai gina mashayar tiki, irin wadda kakansa ya yi a bayan gidansu can Kalifoniya. Ni dai na san Turawa da son abin nan: gora, ciyawa, giyar rake da ruwan abarba, su zauna a ciki su ce sun zo tsibiri. Shi yana kan tsibirin ma sai ya gina wani a ƙasan gidansa. Na yi masa tsiya har na gaji, ya ce in bar shi, a nan ne yake jin ƙamshin kakansa.

Abu ɗaya na tsaya a kai. Na ce, "Kofunan nan naka masu fuskar gunki da wangalallen baki, ka kwashe su kafin Mama ta zo. In ta gan su cewa za ta yi ka mai da kakanninmu mazubin giya, kuma ba ta yi ƙarya ba." Bai yi musu ba, ya zuba su a kwali. Amma ya hana ni leƙa ƙasan, wai sai ya gama zai ba ni mamaki.

Ranar ban je coci ba, na ce wa Mama zan taya shi girki. Na sa doguwar rigata shuɗiya mai fararen furanni, wadda wuyanta ya rufe har sama don kar Mama ta sami abin faɗa, na tufke gashina, na soke fure ɗaya a bayan kunne. Na tarar ya dafa shinkafa, ya yanka ɗanyen kifi da albasa da gishiri yadda na koya masa, ya sayo poi, dakakken gwazan da Tutu ba ta cin abinci sai da shi. Har silifas ɗinsa ya jera a bakin ƙofa kamar ɗan gari.

"Rufe idonki," ya ce.

"Garrett, tukunya na kan wuta."

"Na kashe. Rufe."

Ya riƙe hannuna muka sauka. Da na buɗe ido, gaskiya sai da na ce kai! Ya lulluɓe bangon da tabarmar ganyen bishiyar hala, ya ɗaure gora da igiyar kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya a fili. Ragar masunta a sama da ƙwallayen gilashi kore, ga busasshen kifin talibamban ya sa masa ƙwan lantarki a ciki yana ba da haske ja-ja. Kantar da ake jera giyar a kai kuwa katakon mangwaro ne guda, ya goge shi har kana ganin fuskarka. Yana tsaye yana kallona kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

"Ƙasan kantar za ki duba," ya ce. "Shi ne mamakin."

Ya gina gaban kantar da baƙaƙen duwatsun aman wuta, an jera su da siminti tsaf. A tsakiya, daidai ƙugun mutum, wani dutse ya ɗan turo kai waje kamar ƙaramin teburi. Mai santsi ne, faffaɗa, da 'yan ramuka zagaye a samansa kamar na dara. A cikin ramukan ya tsattsayar da 'yan lemomin takarda masu launi da tsinkayen zuƙar giya.

Jama'a, kallo ɗaya na yi masa na gane shi.

Na san dutsen nan kamar yadda na san fuskar Tutu. A gindin bishiyar hala yake zaune, a filinmu na Puna, can ciki inda ba a zuwa sai da dalili. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu, in cibiyarsa ta faɗi, sai a naɗe ta a ganye a kai ta can, a sa a rami, a danne da tsakuwa, don yaron ya yi tsawon rai kuma ya san inda zai dawo. Ta kakana tana ciki. Ta Baba tana ciki. Tawa tana ramin gefe, wanda bakinsa ya ɗan ɓare.

"A ina ka samo wannan?"

"Filin Tutu mana. Ai na tambaye ki."

Ya ciro waya ya nuna min. Ga saƙon nan kuwa, tun kwanakin baya: *Zan iya ɗibar duwatsu a filinku na Puna?* Ga amsata a ƙasa, na tuna ina tsakiyar ɗaure wa wata amarya furanni a shagon da nake aiki na rubuta da hannu ɗaya: *Ɗebi na bakin hanya.* Har da 'yar fuskar dariya na sa.

"Na ce na bakin hanya."

"Na bakin hanya na ɗiba. Wannan ɗaya ne kawai na hango a ciki, na ce dole Tutu ta ga na kawo wani abu na ƙasarta cikin gidana. Ba ki ga wahalar da na sha ba kafin in ɗora shi a mota, bayana har yau bai daidaita ba."

"Ramukan fa? Babu komai a ciki?"

"Tsakuwa ce da wani baƙin datti, kamar ruɓaɓɓen ganye. Na sa tiyo na wanke shi tas. Kin ga yadda ya fito?"

Ya wanke shi tas. Da tiyo.

Na san abin da za ku ce: me ya hana ki gaya masa a take? Ku da kuke kwance kan gado kuna karatu, komai mai sauƙi ne a wajenku. Ni na san Garrett. Da na buɗe baki, da motar Mama ta tsaya zai fita da gudu ya durƙusa a tsakar gida ya zayyana komai, yana kuka. Mama kuma abin da take jira ke nan tun ranar da ta fara ganinsa. Ba za a kai ga zuba abinci ba.

"Zai ciru?" na ce. "Ina nufin, in mutum yana son ya matsar da shi."

Ya yi dariya. "Shi ke ɗauke da kantar. Simintin ya kama, sai dai a sa guduma a rushe gaban gaba ɗaya. Me ya faru, bai yi miki ba?"

"Ya yi."

Wayata ta yi ƙara. Mama ce: *An tashi. Tutu ta sa na tsaya mun ɗauki furannin, tun asuba take shirya su. Ki gaya wa jan kunnen kar ya cika gishiri.*

Wani ya biyo baya: *Kaipo ya tambaye ki a coci.*

Tun asuba take shirya su. Tsohuwar da idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, da laluben yatsu take zura fure a zare. Wato ta riga ta yanke shawara, rataya mana za ta yi. Abin da na shekara ina roƙon Allah ya ba ni, ga shi a mota yana tahowa, ga kuma dutsen Baba da lemar takarda a ka.

Na ce wa Garrett ya hau ya duba kifin. Yana bacewa na fizge lemomin da tsinkayen na watsa a bayan kantar. Na sa yatsa a ramin Baba. Babu komai, sai sanyin dutse da ɗan warin sabulu. Na ce a raina, Baba ka yafe min, yau ɗaya kawai, gobe zan san yadda zan yi. Na ɗauko zanen da na zo da shi don shimfiɗa a teburin abinci, na yafa shi a kan kantar ya sauko har ƙasa, na danne da kwandon abarba da gwanda. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa ranar na zaɓa.

Da ya sauko ya gani, ya ɓata fuska. "Haba Kanoe, kin rufe inda ya fi kyau."

"Tutu ba ta son a ci abinci kan katako tsirara. Kuma a sama ma za mu ci, ba sai sun sauko ba."

Ƙarya biyu a numfashi ɗaya, kuma ko gezau ban yi ba.

Suka iso ana yayyafi. Mama ta fito cikin rigar cocinta ruwan hoda, jaka a maƙale a hammata, tana duban rufin gidan kamar mai neman inda yake yoyo. Na zagaya na buɗe wa Tutu ƙofa na ba ta hannuna, kamar kullum. Tun da idonta ya raunana ni ce sandarta, ko Mama ba ta yarda ta ja ta. Farar riga ta sa, da hular saƙa, a ɗaya hannun tana rungume da ƙunshin ganye mai ɗauke da sarƙar furannin. Ƙamshinsu ya cika min hanci.

"Hannunki sanyi," ta ce.

"Ruwa na taɓa, Tutu."

Garrett ya sauko ya rusuna ya sumbaci kumatunta. "Sannu da zuwa, Tutu. Sannu, Anti."

Mama ta ce "Mm."

Tutu ta laluba ta kama kunnensa ta ja. "Har yanzu suna nan da zafinsu? Ka kwantar da hankalinka, ɗan nan, ba cinye ka na zo yi ba. Haƙoran ma babu."

Abinci ya tafi lafiya, har ya fi yadda na zata. Mama ta ɗanɗana kifin ta ce albasa ta yi yawa, sannan ta ƙara. Tutu ta sa yatsu biyu a poi ta ce wanda ya sayar masa bai cuce shi ba. Ta tambaye shi iyayensa, ya ba ta labarin kakansa da mashayarsa, yadda tsohon ke ɗora shi a kan kantar mashayar yana yaro ya haɗa masa ruwan abarba da lema a kai. Ni ko loma uku ban yi ba, idona na kan ƙunshin ganyen da ke cinyar Tutu. A raina ina ta cewa, ki buɗe, Tutu, ki rataya mu tashi.

Ta kai hannu kan ƙunshin. Sai ta tsaya.

"To kai ni in ga ɗakin kakan naka. Mutumin da ya gina wa mamacinsa wuri, a wurin ya kamata a sa masa albarka."

"Tutu, matakalar da santsi," na yi maza na ce. "Ga duhu a ƙasan."

"Ni da duhu ai mun saba. Tashi."

Mama ta kalle ni. Kallon nan nata da ke shiga har ƙashi.

Muka sauka, Tutu a hannuna. Mama na shiga ta ja tsaki. "Ikon Allah. Kifi da lantarki a ciki. Ragar da mutane ke neman abinci da ita an rataye ta ado." Amma ba ta sami gunki ko ɗaya ba, na ga tana nema.

Tutu ta saki hannuna. Ita da tafin hannu take gani. Ta shafa tabarmar bango ta ce saƙar ba laifi. Ta bi ɗaurin gorar da yatsa, ta ce, "Wa ya koya maka wannan ƙulli?" Ya ce wani tsohon masunci a bakin ruwa. Ta gyaɗa kai. Ta matso kantar, ta shafa zanen, ta taɓa kwandon abarba. Na matsa na tsaya a gaban dutsen.

"Ga kujera nan, Tutu."

"Matsa, kin tare min hanya."

Ƙugunta ne ya bugi abin da ya turo ta ƙarƙashin zanen. Ta tsaya. Ta sa hannu ta saman zanen tukuna, a hankali. Sannan ta ɗaga gefensa ta zura hannun ciki.

Ruwa na dukan kwano a can sama. Ina kallon zanen yana motsi, yatsunta na tafiya daga rami zuwa rami. Leɓɓanta suka fara motsi. Sunaye take kira ƙasa-ƙasa. Na ji na kakana. Na ji na ƙanwar Baba da ta rasu tana goye. Da ta ce "Keola," sunan Baba, sai Mama ta saki jakarta ta faɗi.

Mama ta fizge zanen, kwandon ya kife, gwanda ta fashe a ƙasa. Ta ga dutsen. Ta ga ramukan fes, babu ko tsakuwa.

"Ina abin da ke ciki?"

Garrett ya dube ni, ya dube ta. "Anti, datti ne kawai, na wanke..."

"Datti?" Mama ta dafe ƙirji. "Cibiyar mijina ce datti? Ka tura Keola kwata da ruwan famfo, ka ɗora kwalbar giya a kansa? Tutu, kin ji! Kin ji abin da nake faɗa muku! Haka suke, duk abin da suka gani mai kyau nasu ne. Filin ma da ya ɗauku da ya sa a mota!"

Wallahi na ga jinin fuskarsa ya tsiyaye. Kunnuwan nan da ake yi wa tsiya suka koma fari fat. Sai ya sulale ya durƙusa a kan fasasshiyar gwandar. "Ban sani ba. Tutu, na rantse ban sani ba. Kanoe, ki gaya musu, ban sani ba."

"Leimomi, ya isa," Tutu ta ce wa Mama, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Tutu ba ta cire hannunta daga dutsen ba. "Ɗan nan."

"Na'am, Tutu."

"Kana da guduma?"

"Ina da ita."

"Za ka rushe wannan abu da hannunka. Ba za ka kira kowa ya taya ka ba. Za ka mai da shi inda ka ɗauke shi, ka juya ɓararren gefen wajen teku. Abin da ruwa ya tafi da shi ya tafi, ƙasar nan ce dai ta shanye, ba wata ba."

"Yau zan fara. Yanzu ma."

Ta kwance ƙunshin ganyen. Sarƙa biyu ce, farare, ta yi su da kauri. Allah ya sani har na ɗan sunkuyar da wuya. Sai ta ɗora su duka biyun a kan dutsen, ta gyara musu zama da yatsu.

"Saura tambaya ɗaya," ta ce. "Kai ka lulluɓe shi?"

"A'a, Tutu. Ni so nake kowa ya gan shi, shi ya fi..." Sai ya tsaya. Ya juyo ya kalle ni, na ga lokacin da abin ya faɗo masa. "Kanoe. Kin sani? Tun ɗazu kin sani, kika bar ni ina..."

Na kasa ɗaga kai. Mama ta daina kuka, ita ma ni take kallo.

"Shi baƙo ne, ya ga dutse ya ɗauka dutse ne," Tutu ta ce. "Wannan ana koya masa. Ke da hannuna na sa taki a ramin nan. Kin ga ubanki a haka, kika yafa masa zanen cin abinci, kika zaunar da ni a samansa ina lasar poi."

"Tutu, tsoro na ji. Na ji tsoron kar ki fasa..."

"Na gaji. A fitar da ni."

Ta miƙa hannu a iska kamar yadda ta saba. Na yi sauri na sa nawa a ciki. Ta shafa shi, ta gane ni ce, ta sake shi.

"Garrett," ta ce, karo na farko da ta kira sunansa. "Tashi ka riƙe ni. Matakalar da santsi."